Kwabo ne ya kayar da Bills a Janairun 2022, ko daƙiƙa 13?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare na sake kallon wasan ƙwallon Amurka (NFL) na sili-ɗaya-ƙwale tsakanin Buffalo Bills da Kansas City Chiefs na ranar 23 ga Janairun 2022 tun daga farko har ƙarshe, kuma wallahi ciwon ya dawo min sabo fil. Magana ɗaya na zo da ita: ba a fili aka ci Bills ba, kwabo ne ya ci su. Josh Allen, mai jefa wa Bills ƙwallo, ya jefa tachdaun huɗu, ba a cafke masa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Aka tashi 36 da 36, aka jefa kwabo don ƙarin lokaci, ya faɗa wa Chiefs, suka ɗauki ƙwallo suka tafi da ita har gida, 42 da 36, shi ke nan. Allen yana zaune a benci da hularsa a hannu, ko taɓa ƙwallon bai yi ba. A wane wasa ne a duniya za a ce mutum ya yi irin wannan bajinta, sannan a hana shi damar ramawa? Ni a wurina Bills ce ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi a waccan kakar, kuma ƙa'ida ce ta raba su da kofi. Ina son jin ra'ayinku.

Abba_Kurna:
Wa alaikumus salam Yaya Sadiq. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Mako ɗaya kafin nan sun ci Patriots 47 da 17, duk lokacin da suka karɓi ƙwallo sai sun kai ta gida, sau bakwai a jere. Ƙungiyar da ke cikin irin wannan yanayi ai ba a fitar da ita da kwabo.

Malam_Tanko:
Sadiq, ka fara labarin daga inda ya yi maka daɗi. Koma baya kaɗan. Saura daƙiƙa 13 a tashi, Bills na gaba 36 da 33. Daƙiƙa goma sha uku fa. Suka buga ƙwallon farawa ta wuce fili gaba ɗaya, agogo bai motsa ko ɗaya ba, Chiefs suka fara daga yadi 25 nasu. Patrick Mahomes, mai jefa wa Chiefs ƙwallo, ya jefa wa Tyreek Hill, yadi 19, suka tsayar da agogo. Ya jefa wa Travis Kelce, yadi 25, suka sake tsayarwa. Harrison Butker ya buga daga yadi 49 ta shige tsakanin turaku. Ina kwabo a nan? Masu tsaron bayan Bills su ne na ɗaya a gasar a waccan shekarar, amma suka ja da baya can nesa kamar tachdaun kaɗai Chiefs ke nema, suka bar tsakiyar fili a buɗe. Wanda aka ba shi nasara a hannu ya sake ta a daƙiƙa 13, ba shi da bakin kuka da ƙarin lokaci.

Sadiq_Fagge:
Malam, ban musa ba an yi kuskure a daƙiƙa 13. Amma kuskuren nan kunnen doki ya haifar, ba faɗuwa ba. Daga 36 da 36 ai kowa ya koma daidai. Su ma masu tsaron bayan Chiefs ba su iya tsayar da Allen ba, sau biyu ya ci su a cikin minti biyu na ƙarshe. Da kwabon ya faɗa wa Bills, da yanzu magoya bayan Chiefs ne ke wannan kukan.

Ummi_Damagaram:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ni sabuwa ce a gidan nan, ƙanena ne ya saka ni. Ƙwallon ƙafa na sani, wannan kuwa har yanzu ina koyo. Mene ne tachdaun, kuma me ya sa kwabo ke da ƙarfi haka? A tamu ƙwallon ai kwabo gefen fili ko wanda zai fara kawai yake zaɓa.

Malam_Tanko:
Barka da zuwa 'yata. A taƙaice: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta yi, a sake ba ta wasu huɗu. In ta kai ƙwallon ƙarshen fili, shi ne tachdaun, maki 6, sai ƙarin bugu na maki ɗaya, ko kuma ta gwada sake shiga don maki biyu. In ta kasa kaiwa amma ta matso kusa, tana iya bugawa tsakanin turaku, maki 3. Bambancin da tamu ƙwallon shi ne a nan ana karɓa-karɓa ne, masu kai hari daban, masu tsaro daban, ba sa shiga fili tare. To a tsohuwar ƙa'idar ƙarin lokaci, in wanda ya fara karɓar ƙwallo ya ci tachdaun, wasa ya ƙare nan take. In maki 3 kawai ya ci, ɗayan na da damar ramawa. Abin da ke damun Sadiq ke nan.

Ummi_Damagaram:
Na gode Baba. To ai kamar a ce bugun fenariti ne, a ce wanda ya fara bugawa in ya ci an tashi. Gaskiya da ɗan zalunci a ciki.

Nura_Kaduna:
Anti Ummi, kwatancenki ya kusa amma bai kai ba. Fenariti yadi 12 ne tsakaninka da gola. A nan yadi 75 Chiefs suka tafi, mutum goma sha ɗaya suna gabansu, ana biyansu miliyoyin daloli don su tare hanya. Tsaro ma rabin wasa ne.

Hamza_Buffalo:
Ni a garin nake zaune, shekara ta bakwai ke nan, don haka bari in gaya muku abin da na gani. A gidan wani maƙwabcina na kalli wasan, dattijo ne da ya haura saba'in, tun yana saurayi yake bin Bills. Ya ga lokacin da suka je Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, sau huɗu a jere, daga 1991 zuwa 1994, suka faɗi duka huɗun. Da Gabriel Davis na Bills ya kama tachdaun ɗinsa ta huɗu saura daƙiƙa 13, jikokinsa suka hau tsalle a kan kujera, matarsa tana kuka, ni kaina na rungume wani da ban san sunansa ba. Shi kuwa dattijon bai tashi ba. Ya riƙe hannun kujera da hannu biyu yana kallon agogon da ke ƙasan talabijin. Bayan Kelce ya kama ta ƙarshe, ya miƙe a hankali ya kashe talabijin ɗin, ya je ya fara tattara faranti, ba wanda ya ce uffan. Na fito waje dusar ƙanƙara ta rufe unguwa, motoci na fita ɗaya bayan ɗaya daga gidajen mutane, ba hon ba kiɗa. Washegari a wurin aiki kamar an yi rasuwa.

Game da tambayarka Sadiq, mutanen nan abin da na fi ji suna maimaitawa shi ne bugun farawar nan. Me ya sa ba a buga ta ƙasa-ƙasa tana birgima ba, yadda dole ɗan Chiefs ya ɗauka agogo ya ci daƙiƙa uku ko huɗu? Sun fi jin zafin wannan a kan kwabon. Har yau in ka ce "daƙiƙa 13" a garin nan ba sai ka ƙara komai ba.

Abba_Kurna:
Allah sarki. Yaya Hamza ka sa jikina ya yi sanyi.

Hamza_Buffalo:
Abu ɗaya da ya ɗan sanyaya zuciya: bayan wasan, magoya bayan Chiefs suka riƙa aika gudummawar dala 13-13 ga asibitin yara na Oishei da ke nan Buffalo. Dama al'adar magoya bayan Bills ce yin irin wannan ga wasu, sai aka mayar musu da alherinsu.

MamanHanif:
Ni dai Chiefs nake yi tun zamanin da mahaifina ke ba mu labarin Christian Okoye, ɗan Enugu da ya fi kowa gudu da ƙwallo a 1989. Kuma ina so in tuna wa Sadiq abu ɗaya. A Janairun 2019 haka aka yi mana. Patriots suka ci kwabo a gidanmu, Tom Brady ya tafi da ƙwallo har gida, 37 da 31, Mahomes bai taɓa ta ba, alhali shi ne gwarzon shekarar. Chiefs ne suka kai ƙudurin a sauya ƙa'idar bayan nan, sauran ƙungiyoyi ba su mara musu baya ba. To ranar da abin ya juyo ya amfane mu, don me za a ce mun ci da haram? Ƙa'idar da kowa ya sa hannu a kai ce.

Sadiq_Fagge:
Hajiya, ban ce kun ci da haram ba. Hasali ma maganarki ƙarfafa tawa ta yi. An zalunce ku a 2019, an zalunce mu a 2022, ƙa'idar ce ba ta da kyau tun asali. Shaida kuwa, wata biyu kacal bayan wasan nan, a Maris 2022, masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a 29 da 3 suka sauya ta, cewa a wasannin sili-ɗaya-ƙwale dole kowace ƙungiya ta karɓi ƙwallo. In babu matsala me ya sa suka gyara?

Malam_Tanko:
Gyaran ya yi kyau, ban ƙi ba. Amma ka amsa min wannan. Mako ɗaya bayan wasanku, 30 ga Janairu, a wannan filin dai na Arrowhead, gidan Chiefs, aka sake zuwa ƙarin lokaci tsakanin Chiefs da Cincinnati Bengals. Wa ya ci kwabo? Chiefs. Filin ya ɗauki sowa kamar an gama. Me ya faru? Jessie Bates ya taɓa ƙwallon da Mahomes ya jefa, Vonn Bell ya cafke, Evan McPherson ya buga ta maki 3, Bengals suka ci 27 da 24. Ƙa'ida ɗaya, fili ɗaya, Mahomes ɗaya, kwabo ya faɗa wuri ɗaya. Bengals suka tsayar da shi, Bills suka kasa. Ina jiran amsa.

Nura_Kaduna:
Wannan hujja ta Malam ba ta da maganin warwarewa.

Injiniya_Bello:
Tana da shi. Misali ɗaya ba ya rushe lissafi. Daga 2010 da aka kawo waccan ƙa'idar zuwa ƙarshen waccan kakar, wasannin sili-ɗaya-ƙwale 12 ne suka je ƙarin lokaci. Wanda ya ci kwabo ya yi nasara a 10. A guda 7 daga ciki, ɗaya ɓangaren ko taɓa ƙwallo bai yi ba. Wasan Bengals ɗaya ne daga biyun da suka saɓa. Kuma dalilin a fili yake: ƙungiyoyin da ke kaiwa wannan mataki su ne masu manyan kwatabak, wato masu jefa ƙwallo irin su Allen da Mahomes, sannan bayan awa uku ana gwabzawa masu tsaro sun fi gajiya, domin su ne ke bin mutum ba su san inda zai juya ba. Ni ina ganin ku biyun kuna da gaskiya ta wani gefe, amma lissafi yana tare da Sadiq.

Malam_Tanko:
Wasa 12 ba su isa a gina hukunci a kansu ba, Injiniya, kai ma ka sani. Amma na ji.

Garba_Garwa:
Ku kuna ta maganar 23 ga Janairu, ni ranar nan ba zan manta da ita ba saboda wani dalili daban. Ina cikin filin wasa a nan Garwa ta Kamaru da Tunisiya ta fitar da Najeriya daga Kofin Afirka da ci ɗaya da nema. Msakni ya ci, aka ba Iwobi jan kati. Garin nan kaf Super Eagles muke goya wa baya, sun ci wasanninsu uku na rukuni a nan, mun ɗauke su 'yan gida. Na dawo gida zuciya ba daɗi, barci ya ƙi zuwa, sai wani abokina da ke karatu a Amurka ya turo min saƙo cewa in buɗe wasan Rams da Buccaneers. Ban san komai a kai ba a lokacin. Na tarar Brady, wanda a lokacin yake Buccaneers, na ƙoƙarin dawowa daga 27 da 3. Daga nan na zarce na Bills da Chiefs har kusan ƙarfe huɗu na dare. A dare ɗaya na ga ƙungiyoyi uku da nake so sun faɗi, domin ina buɗewa nake kama ɓangaren wanda ke baya. Daga ranar na kamu da wasan nan.

Abba_Kurna:
Kai, na manta ma rana ɗaya ce! Mu a unguwarmu gidan kallo aka tashi kowa na zagin gola. Na roƙi mai gidan kallon ya bar min injin ya juya tashar, ya ce man fetur ɗin wa zai biya don wasan da mutum ɗaya zai kalla. A waya na ƙarasa, cikin bargo, sanyin hunturu na shigowa ta ƙasan ƙofa. Data ta ƙare min daidai bayan Tyreek Hill ya ci ta yadi 64, saura minti ɗaya da daƙiƙa biyu. Kafin in sayi wata in dawo, har Davis ya rama. Wallahi hannuna rawa yake ina danna lambobin.

Zango_Kumasi:
Garba, ku gode wa Allah kun fito daga rukuni. Mu 'yan Ghana a wannan filin naku Komoros ta ci mu 3 da 2 muka koma gida. Amma a bar wannan. Ni abin da nake so in ce, kuna ta rigima kan wasa ɗaya kun manta ƙarshen makon gaba ɗaya. Wasa huɗu aka yi, duka huɗun a bugun ƙarshe aka raba gardama. Ranar Asabar Bengals ta ci Titans 19 da 16, 49ers ta ci Packers 13 da 10. Lahadi Rams ta ci Buccaneers 30 da 27, sannan naku. Ukun farko duka baƙi ne suka ci da bugun maki 3 agogo na kan sifili. Titans da Packers su ne na ɗaya a ɓangarorinsu, sun huta mako guda, suka fita a rana ɗaya. Ban taɓa ganin kwana biyu irin waɗannan ba.

Nura_Kaduna:
Na Packers ne ya fi ba ni mamaki. A Lambeau gidansu, dusar ƙanƙara na zuba, Aaron Rodgers gwarzon shekara. Suka ci tachdaun a karɓar farko, daga nan shiru. 49ers masu kai harinsu ba su ci tachdaun ko ɗaya ba a wasan gaba ɗaya. An tare wa Packers bugun maki 3 kafin hutun rabin lokaci, sannan saura ƙasa da minti biyar Jordan Willis ya tare bugun miƙa ƙwallo, ta tashi sama kowa na neman inda take, Talanoa Hufanga ya tsince ta ya shige. Lokacin da Robbie Gould na 49ers zai buga ta ƙarshe ma, mutum goma Packers suka saka a fili maimakon sha ɗaya. In ana maganar wanda ya kayar da kansa, ga shi nan.

Dan_Ohio:
Ba wanda zai yi maganar Bengals yadda ya kamata, bari in yi da kaina. Shekara 31 garin Cincinnati bai ga nasara ko ɗaya a wannan mataki ba, tun Janairun 1991. Akwai magidanta masu 'ya'ya da ba a haife su ba lokacin. Sai ga Joe Burrow, shekararsa ta biyu, ya dawo daga mummunan rauni a gwiwa, da abokinsa tun jami'a Ja'Marr Chase. Suka ci Raiders 26 da 19. Suka je Nashville, Titans suka kayar da Burrow ƙasa sau tara, sau tara fa, ya riƙa tashi yana karkaɗe riga, kuma suka ci. Suka je Kansas City ana cin su 21 da 3, suka dawo. Abin da ya juya wasan nan shi ne daf da hutun rabin lokaci, Chiefs na bakin layi, maimakon su karɓi maki 3 sai suka nemi 7, Eli Apple ya kayar da Hill kafin ya shiga, agogo ya ƙare. Daga nan Mahomes bai sake zama daidai ba.

Kuma mu 'yan Najeriya muna da namu a ciki: Chidobe Awuzie, C.J. Uzomah, Larry Ogunjobi, duk tushensu daga gida yake. A wurin aiki har tambayata ake yi yadda ake furta sunayen, ni kuma in ce musu ni Bahaushe ne amma zan gwada.

Abba_Kurna:
Amma dai ƙarshe Chiefs ɗin ne suka ɗauki kofin shekarar ko?

MamanHanif:
A'a Abba, ka haɗa da shekarar da ta biyo baya. Namu na Fabrairun 2023 ne da na 2024. Na waccan kakar Rams ne suka ɗauka, 13 ga Fabrairun 2022, suka ci Bengals 23 da 20 a filin SoFi, wanda dama gidansu ne.

Abba_Kurna:
Haka ne, na gode Anti. Na tuna yanzu, Aaron Donald na Rams yana nuna yatsar da zai saka zoben nasara.

Dan_Ohio:
Kuma tunda ana maganar zalunci, ni ma ina da nawa. Saura ƙasa da minti biyu, Bengals na gaba 20 da 16, Rams na dama ta uku a bakin gida. Logan Wilson ya kaɗe ƙwallon da aka jefa wa Cooper Kupp, tsaf, sai ga tutar alƙali a ƙasa wai ya riƙe shi. Wasan gaba ɗaya alƙalai sun bar mutane suna wasa, sai a nan suka tuna da tuta. Da ba a busa ba, dama ɗaya ta rage wa Rams.

Nura_Kaduna:
Ɗan'uwa, in za ka ƙirga ka ƙirga duka. Wasan farko bayan hutun rabin lokaci, Tee Higgins ya kama ƙarfen hular Jalen Ramsey ya murɗe masa kai, ya kama ƙwallo ya tafi yadi 75, ba a busa ba. Maki bakwai ke nan kyauta. Sannan Odell Beckham da ya ci tachdaun ta farko gwiwarsa ta tafi tun kafin hutu, Rams suka ƙarasa kusan da Kupp kaɗai. Kowa a filin ya san shi za a jefa wa, aka saka masa mutum biyu, duk da haka Stafford ya riƙa samunsa. Akwai wadda ya jefa masa a tsakiya yana kallon wani gefen daban. Ba alƙali ne ya kayar da Burrow sau bakwai a wasan ba.

Dan_Ohio:
Na Higgins laifi ne, na yarda. Amma zafin na ƙarshe daban ne.

Hajiya_Rabi:
Ni Matthew Stafford, kwatabak na Rams, na taya murna. Shekara 12 yana Detroit, ya je wannan mataki sau uku bai ci ko ɗaya ba, ana ta cewa shi ne matsalar. Rams suka ba da Jared Goff da damar zaɓen sabbin 'yan wasa a zagayen farko guda biyu da ƙari suka ɗauko shi, shekarar farko ya ci huɗu a jere. Ku tuna wasansu da Buccaneers a Tampa. Rams suka zubar da ƙwallo sau huɗu, Brady ya dawo daga 27 da 3, Fournette ya farke saura daƙiƙa 42. Duk wanda ya san yadda Brady ya dawo daga can baya ya ci Falcons a Super Bowl na 2017 ya ce tarihi zai maimaita kansa. Stafford ya jefa wa Kupp yadi 20, ya sake jefa masa yadi 44 ana tahowa kansa, ya ruga da gudu yana kiran mutanensa su yi layi ya buga ƙwallon a ƙasa don tsayar da agogo. Wannan gudun nasa, yana ɗaga hannu kamar mai kora tumaki, shi ne abin da ya fi zauna min a rai a kakar gaba ɗaya.

Zango_Kumasi:
Da Jaquiski Tartt na 49ers ya riƙe ƙwallon da Stafford ya jefa masa a ƙirji a wasan daf da na ƙarshe, da yanzu wani labarin ake yi Hajiya. Ba kowa kusa da shi, ta faɗi daga hannunsa. Rams suka ci 20 da 17.

Hajiya_Rabi:
Haka ne. Rabo ne, kuma mai rabo ba ya rasawa.

Sadiq_Fagge:
To kun ga inda muka dawo. Tartt ya saki ƙwallo da hannunsa. Packers suka kasa tare mutum. Tannehill na Titans ya jefa wa Bengals ƙwallo sau uku. Dak Prescott ya gudu da ƙwallo saura daƙiƙa 14 ba shi da damar tsayar da agogo, lokaci ya ƙare wa Cowboys. Duk waɗannan za su iya kwanciya su ce ga abin da na yi. Allen me zai ce ya yi? Ya zaɓi gefen kwabo, ɗayan gefen ya fito. Iyakar laifinsa ke nan.

Malam_Tanko:
Sadiq ɗana, yanzu ka sauya tambayar. Da farko cewa ka yi kwabo ya kayar da Bills. Yanzu kana cewa Allen ba shi da laifi. Na biyun na yarda da shi, yaron ya yi abin da ɗan Adam zai iya. Amma Bills ba Allen kaɗai ba ne. Akwai kocinsu na lokacin Sean McDermott, akwai masu tsaro, akwai wanda ya yanke shawarar bugun farawa. Su ne suka ci amanarsa, ba kwabo ba.

Injiniya_Bello:
Akwai wani abu da ya kamata a duba. An gwada sabuwar ƙa'idar a Super Bowl na Fabrairun 2024 a Las Vegas. 49ers suka ci kwabo suka zaɓi fara karɓa, suka ci maki 3. Chiefs suka karɓa sun riga sun san abin da suke buƙata, har suka yi amfani da dama ta huɗu, Mecole Hardman ya ci, 25 da 22. Bayan wasan wasu 'yan 49ers suka amsa cewa ba su san ƙa'idar ta sauya ba. Yanzu gardamar ta koma ko gara ka karɓa na biyu. Wato kwabon bai daina tasiri ba, sai dai ya daina yanke hukunci shi kaɗai.

Ummi_Damagaram:
To da sabuwar ƙa'idar tana nan a 2022, Bills za su ci?

Hamza_Buffalo:
Allah kaɗai Ya sani ƙanwata. Chiefs sun ci 6, za su ƙara ɗaya ya zama 43. Allen zai karɓa, kuma yadda yake a daren nan ina kyautata zaton zai kai ta gida. Daga nan sai McDermott ya zaɓa: ya buga ɗaya a yi kunnen doki ya mayar wa Mahomes ƙwallo, wanda a lokacin ko maki 3 ya ci an tashi, ko ya nemi biyu a gama a wasa ɗaya. Na tambayi maƙwabcin nan nawa wannan tambayar da rani muna zaune a ƙofar gida. Ya ce shi dai da ya so ya ga an nemi biyun, ko da za a faɗi, domin aƙalla ƙwallon tana hannun Allen.

MamanHanif:
Kuma kada a manta, ko da sun wuce mu, Bengals na jiransu, sannan Donald da Von Miller. Ba a ba da kofi a zagayen 'yan takwas.

Sadiq_Fagge:
A Buffalo za a buga da Bengals ɗin, Hajiya, cikin sanyin ƙarshen Janairu.

Dan_Ohio:
Shekarar da ta biyo baya mun je Buffalo ɗin cikin dusar ƙanƙara mun ci 27 da 10, Sadiq.

Sadiq_Fagge:
Wannan wata shekarar ce da wasu mutanen. Ni ta kakar 2021, wadda ta kai mu Janairun 2022, nake magana.

Garba_Garwa:
Yaya Hamza, dattijon nan yana nan da rai? Yana kallo har yanzu?

Hamza_Buffalo:
Yana nan, sai dai ƙafa ta fara ba shi wahala. Chiefs sun sake fitar da su a Janairun 2024, 27 da 24, da Tyler Bass na Bills ya ɓarar da bugu daga yadi 44, sannan a Janairun 2025, 32 da 29. Duka biyun a falonsa na kalla, a kan kujerar nan dai yake zama. Ranar Lahadi in Allah Ya kai mu ni zan kai masa cefane, zan gaya masa ana gardamar wasansa har a Kano da Garwa da Kumasi.

Malam_Tanko:
Ka gaishe shi. Ka kuma tambaye shi tsakanin kwabo da bugun farawa wanne ya fi tsaya masa a rai, ka dawo mana da amsa.

Abba_Kurna:
Wa ke da cikakken bidiyon minti biyun ƙarshe mara nauyi? Anti Ummi ya kamata ta gani da idonta.